Hukuncin tarwadar da ake ciyarwa da mushen kaji, da kifin da aka kama da guba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana yakan sayo mana tarwada a kasuwar kifi ta Galadima, sai na ji ana cewa wasu masu kiwo mushen kaji da hanji suke zuba mata. Ya halatta mu ci? Shi kuma kifin da aka kama da magani fa? Daga wata baiwar Allah, Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, asalin abin da ke rayuwa cikin ruwa halal ne. Allah Ya halatta mana farautar teku da abincinsa a Suratul Ma'ida, aya ta 96. Imamu Malik kuma ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce game da teku, ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Shi ya sa kifi ba ya buƙatar yanka.

Tarwadar da kika ambata ta shiga babin da malamai ke kira jallala, wato dabbar da mafi yawan cimarta najasa ce. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hani a kan cin namanta daga Ibn Umar. Hanabila sun ɗauki hanin na haramci ne har sai an tsare ta an ba ta abinci mai tsarki, kuma an ruwaito cewa Ibn Umar yakan tsare irin wannan kaza kwana 3. Shafi'iyya suka ce makaruhi ne idan warin ya bayyana a naman. Malamanmu na Malikiyya kuwa sun halatta, domin abin da ta ci ya riga ya juye ya zama tsoka. Abin da nake rinjayarwa: ki ci, ba laifi a kanki, sai fa idan kin ji wari ko ɗanɗano ya sauya, to ki bar shi. Amma masu kiwo su ji tsoron Allah. Kazar da cuta ta kashe, wataƙila ma bayan an ɗura mata magunguna, ba abin zuba wa abincin mutane ba ce.

Zancen guba shi ne ya fi tayar mini da hankali. Zuba Gamalin ko wani maganin ƙwari a ruwa don kifi ya taso haramun ne, babu wani sassauci. Annabi (SAW) ya ce babu cuta, babu cutarwa. Guba ba ta bambance giwan ruwa da 'ya'yan karfasa, tana haɗawa har da ƙwai, ga mutanen ƙasa da wurin suna ɗiba su sha, su shayar da shanu. Masuncin da ya yi haka bana ya cinye kamun kifin baɗi, nasa da na 'yan uwansa, kuma ya faɗa cikin ɓarnar da Allah Ya hana a Suratul A'araf, aya ta 56. Haka mai kafa taru mai ƙananan idanu kamar gidan sauro yana kwashe ƙanana tun ba su hayayyafa ba. Wanda ya san kifi na guba ne, haramun ne ya ci, ya sayar ko ya ba yara, saboda cutarwar da ke cikinsa. Hukuncin bandar da aka fesa wa fiya-fiya don korar tsutsa ma haka yake.

Ba a wajabta miki bin diddigin kowane kifi ba. Ki dai ce wa maigida ya zaɓi tarwada mai rai, a yanka a gabansa. In karfasa ce, ya duba idonta garau yake, ƙarƙashin kuncinta ja ne, in ya danna tsokar ta dawo. Ya kuma tambayi mai sayarwa daga ina, madatsar ruwan Tiga ko ta Bagauda ko kiwon gida.

Wallahu a'alam.