Amsa: Shin ƙananan jirage marasa matuƙa za su iya maye gurbin manyan makamai?

Malam, ka tambaya ko ƙasa mai ƙaramin ƙarfi za ta dogara da jirage marasa matuƙa ta bar manyan makamai. A ganina ba za ta iya ba, amma sun sauya lissafin kuɗi.

Dubi yaƙin Yukiren tun 2022. Ƙaramin jirgin da bai wuce dala 500 ba yana lalata tankar miliyoyin daloli. A ɗaya ɓangaren kuma, harba makami mai linzami na Patriot, mai kimanin dala miliyan 4, don kakkaɓo Shahed-136, wani jirgi marar matuƙi mai araha, asara ce tsagwaronta. Shi ya sa tsohuwar motar kakkaɓo jirage ta Jamus mai suna Gepard, mai bindigogi biyu na milimita 35, ta sake samun daraja, domin harsasanta sun fi araha.

Inda ake samun cikas shi ne sadarwa. Da zarar abokin gaba ya toshe siginar, hoton da matuƙin da ke sarrafa jirgin daga nesa ke gani sai ya dushe, jirgin ya faɗi. Wannan ne ya kawo jirage masu jan siririn zaren gilashi da siginar ke bi ta cikinsa maimakon ta iska a 2024, amma su ma zaren kan sarƙe a bishiyoyi.

Don haka kada a sayi dubban jirage a jibge a rumbu, cikin 'yan watanni za su tsufa. A zuba kuɗin a horar da matuƙa, da masu gyara a kusa da fagen daga, da tanadin batura.