Tambayoyin Masu Karatu: Hutun Iyali a Karaban, a Bakin Tashar Masunta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a birnin Newcastle da ke arewa maso gabashin Ingila, inda nake zaune da maigidana da 'ya'yanmu uku, babbar tana da shekara 11, autan kuma shekara 4. Abokan aikina sun ba ni shawarar mu kama hayar karaban a wani ƙauyen masunta da ke gaɓar Northumberland, a wani fili marar hayaniya kusa da inda jiragen kamun kifi ke tsayawa. Ban taɓa kwana a irin wannan wuri ba, kuma ni 'yar Zariya ce, ban san teku ba sai a nan. Ina tunanin lafiyar yara, da abinci, da salla, da yadda mutanen ƙauye za su karɓe mu. Shin wannan hutu ya dace da iyali irin namu? Daga Maman Yara Uku, Newcastle.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ya dace ƙwarai, kuma ina ƙarfafa miki gwiwa ku je, domin wadda take kwana a tsaye a kan marasa lafiya ta cancanci 'yan kwanakin da ba za ta ji ƙarar komai ba sai ta ruwa da tsuntsaye. Sharaɗina guda ne, wato ku karɓi cewa a irin wannan ƙauye teku ce take tsara wa kowa yininsa, baƙo da ɗan gari.

Kalmar karaban asalinta daga Farisanci take, kuma ma'anarta ta farko ita ce ayari, irin na fatake. A Birtaniya ta yau tana nufin ɗakin tafi-da-gidanka, kuma iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗaurawa a bayan mota a ja shi, akwai kuma babba wanda aka girke a wuri guda, aka haɗa masa ruwa da lantarki da gas. Na biyun shi ake bayarwa haya, kuma shi ya dace da ku. Tsawonsa yakan kai mita 10 zuwa 11, faɗinsa bai cika mita 4 ba, amma a ciki akwai falo, da kicin, da banɗaki, da ɗakunan kwana biyu ko uku. Gadajen yara sirara ne, bangon kuma ba shi da kauri, don haka duk abin da aka faɗa da ƙarfi maƙwabci zai ji. Wannan ne ya sa filayen da suka yi suna da natsuwa suke neman a rage murya daga misalin ƙarfe 10 ko 11 na dare, kuma ina roƙon ku kiyaye wannan sosai, musamman lokacin kiran 'yan'uwa na gida ta bidiyo, inda mukan ɗaga murya ba tare da mun sani ba.

Gaɓar da aka nuna miki tana cikin mafi kyau a ƙasar. Daga Newcastle zuwa ƙauyen Seahouses kimanin kilomita 80 ne ta babbar hanyar A1, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Seahouses ta fi cika da baƙi, domin daga tasharta ake shiga jirgi zuwa tsibiran Farne don kallon tsuntsayen teku da ke ƙyanƙyasa a can daga Mayu zuwa ƙarshen Yuli. Idan shiru kike nema, ƙauyukan Beadnell da Craster sun fi ta. A Beadnell har yanzu tsofaffin matoyan farar ƙasa da aka fara ginawa a 1798 suna tsaye a bakin tashar. Craster kuwa ta shahara da kifin da ake bandawa da hayaƙin itacen oak, wanda duk mai son bandar kifi zai gane danginsa da zarar ya shaƙi ƙamshin, kuma daga ƙauyen tafiyar kilomita 2 ce a ƙafa zuwa kufan fadar Dunstanburgh, wadda aka fara ginawa a 1313.

Yanzu ga batun da ya fi damuna, wato ruwan. Wanda ya tashi yana ganin kogi ko dam ya saba da ruwan da ke cika da damina ya ja baya da rani. Teku tana yin wannan cika da janyewa sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da cika kimanin sa'a 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 a kan na jiya. Wata ne babban mai jan ruwan, shi ya sa lissafinmu na watan Musulunci zai yi miki amfani: a kwanakin farko na tsayuwar wata, da kuma wajen 15 ga wata, cikar takan fi tsanani, janyewar ma takan fi nisa. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne, da safe zai ga rairayi da duwatsu a fili, yara su bazama neman kaguwa, bayan sa'o'i kaɗan ruwa ya zagayo ta bayansu ya yanke hanyar komawa. Saboda haka ki duba jadawalin cikar teku kowace safiya, ana samunsa a intanet, akan kuma manna shi a bakin tashar, sannan ku fita wasa lokacin da ruwa ke janyewa, ku dawo tun bai juyo ba. Idan kun yi sha'awar zuwa tsibirin Lindisfarne, hanyar motar da ke kai wa can ruwa ne ke rufe ta sau biyu a rana. Hukumar gundumar Northumberland tana wallafa lokutan da za a iya tsallakawa, kuma duk shekara ana ceto direbobin da suka ƙi bin su.

Sanyin ruwan ma abin kula ne. Ko a watan Agusta zafinsa ba ya cika wuce digiri 15, kuma a matsayinki na ma'aikaciyar lafiya kin san yadda faɗawa cikin ruwa mai sanyi ke fizge numfashi a mintin farko, ko da mutum gwanin iyo ne. Shawarar masu ceto ita ce wanda ya faɗa ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa da ƙafafuwa, ya jira numfashinsa ya daidaita kafin ya yi yunƙurin komai. Ki koya wa babbar 'yarki wannan tun a gida. Kada ku saya wa yara kwale-kwalen roba da ake hurawa, domin iskar ƙasar ta fi busowa daga yamma, wato a wannan gaɓa ta gabas tura abu take yi cikin teku. Yawancin rairayin wannan yanki babu masu gadin ruwa a kansu. In wani abu ya faru, a kira 999 a nemi masu tsaron gaɓa. Ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda aka kafa a 1824 kuma 'yan sa-kai ne ke tuƙa jiragenta, tana da tasha a Seahouses da Craster. A Bamburgh kuma akwai ƙaramin gidan tarihi na Grace Darling, 'yar mai kula da hasumiyar fitila, wadda a 1838, tana da shekara 22, ta tuƙa kwale-kwale tare da mahaifinta suka kai ga mutanen da jirginsu ya tarwatse. Ina ganin labarinta zai zauna wa yaran a rai fiye da kashedin baki.

Ita kanta tashar wurin neman abinci ne na mutane. Akwai igiyoyi, da tarkunan kaguwa da aka jibge, da gansakuka mai santsi, kuma sau da yawa katangar ba ta da abin kariya. Hannun autanki ya kasance cikin naki muddin kuna kanta. Masunta sukan fita tun da duhun asuba, ƙarar injinsu za ta iya tashe ku, wanda ga mai sallar asuba ba asara ba ce.

Game da salla, alƙibla daga wannan yanki tana kudu maso gabas. Ku fitar da jadawalin lokuta kafin ku tashi, domin layin waya yakan yi rauni a wasu lunguna, kuma a ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. A mazhabar Malikiyya ana ƙasaru a tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80, amma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku zai cika sallarsa in ya sauka, don haka zaman mako guda cika salla ne. Ƙauyukan ba su da masallaci. Idan maigida ba ya son rasa Juma'a, akwai tsarin haya na Litinin zuwa Juma'a, wanda ake miƙa makulli da misalin ƙarfe 10 na safe, kuma wannan ya ishe ku komawa Newcastle kafin huɗuba.

Abinci ba zai ba ki wahala ba. Ki sayi naman halal a Newcastle, ki tafi da tukunyarki da kaskonki da buta, domin kayan girkin da ke ciki baƙi da yawa sun yi amfani da su. Kifi da kaguwa halal ne a wurinmu, sai dai a shagon soyayyen kifi da dankali ki tambayi irin man da suke suya da shi, da kuma ko akwai giya a ƙullin da ake tsoma kifin. Ki kuma nemi karaban da ba a shiga da kare, domin Turawa da yawa da karnukansu suke zuwa hutu.

Akwai haɗari guda da ba na so ki ɗauka da wasa. In an gasa nama a waje, kada a shigo da gawayin ciki don jin ɗumi, ko da ya yi kamar ya mutu, domin yana ci gaba da fitar da iskar guba marar wari wadda ta sha kashe mutane a tanti da karaban. Da kun shiga, ki tabbatar akwai na'urar gargaɗin wannan iska kuma tana aiki, kada kuma a toshe ƙofofin iska da tsumma saboda sanyi.

Batun karɓar mutane kuwa, ba zan ce miki kowa zai sakar muku fuska ba, kuma mai yiwuwa ku kaɗai ne baƙar fata a filin. Amma waɗannan ƙauyuka da baƙi suke rayuwa, kuma abin da suke auna baƙo da shi sananne ne: gaisuwa, da ajiye mota inda ba za ta tare masunta ba, da zuba shara a mazubinta, da rashin ciyar da tsuntsayen teku, waɗanda in sun saba sai su dinga fizge abinci daga hannun yara. Kuɗin haya ya fi tsada daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta. Hutun makaranta na ƙarshen Mayu ya fi sauƙi. Kada arha ta sa ki cire yara ana tsakiyar karatu, domin tun Agustan 2024 tarar hakan a Ingila tana farawa ne daga fam 80 a kan kowane yaro, ga uwa daban, ga uba daban.

TAMBAYA: Na ga ana sayar da tsohon karaban da arha a wani filin hutu a bakin teku. Zan iya saye in koma ciki da zama don in huta da kuɗin haya? Daga wani ɗalibi a Sunderland.

AMSA: Ɗan'uwa, ban ba ka shawarar haka ba. Lasisin da ƙaramar hukuma ke ba filin hutu na hutu ne kawai, bai halatta mutum ya mayar da wurin gidansa na dindindin ba, kuma masu filin sukan nemi shaidar cewa kana da adireshi a wani wuri. Da yawansu sukan rufe na wasu makonni da hunturu. Ƙasar da karaban ke kai ba taka ba ce, za ka dinga biyan kuɗin fili duk shekara, wanda yakan kai dubban fam, shi kuma karaban darajarsa faɗuwa take yi kamar ta mota. Filayen da aka yarda a zauna duk shekara daban suke, dokar gidajen tafi-da-gidanka ta 1983 ce ke kare mazaunansu, farashinsu kuma ya fi wanda ka gani nesa ba kusa ba. Kafin ka biya ko fam ɗaya, ka nemi a nuna maka lasisin filin da yarjejeniyar zama a rubuce.