Amsa: Me ya sa ƙ da ɗ suke fitowa kamar akwati a shafina?

Malam, ka ce a kwamfutarka rubutun lafiya lau, amma a wayar wani abokinka sai ƙananan akwatuna ke fitowa a wurin ƙ, ɗ da ɓ. Ina ganin ba laifin Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, ba ne, salon rubutun (font) da ka zaɓa ne ba shi da waɗannan haruffa. Yawancinsu don Turanci aka ƙera su, kuma a tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ƙ tana lamba U+0199, ɗ tana U+0257, nesa da haruffan Turanci. Kwamfutarka tana aro su daga wani salon da ke cikinta, wayar kuwa ba ta samu inda za ta ara ba.

Ka koma Noto Sans ko Andika, dukkansu kyauta ne a Google Fonts kuma suna da haruffanmu. In kai ka ɗora fayil ɗin salon rubutun a sabarka, ka tabbata ba wanda aka rage wa haruffa ba ne.

Amma fa in abin da ke fitowa Æ™ ne maimakon ƙ, wannan wata cutar ce daban. Sanya meta charset="utf-8" a farkon lambobin HTML na shafin, sannan ka gwada rubuta "ƙwaƙwalwa" ka buɗe da wayar Tecno da kuma Firefox.