Da me ake auna fodkas ɗin binciken kisa da badaƙala?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Nima, Akra. Ni da ƙawayena mun shaƙu da sauraron fodkas, wato shirye-shiryen murya na intanet, masu bin diddigin kisan kai da badaƙalar da aka binne. Sai na ga masu sharhi suna yabon wasu, suna kuma cewa wasu kasuwanci ne da hawayen mutane. Da me suke auna su?

Amsa: Ƙanwata, mai sharhi na gaske ba daɗin murya ko kiɗan da ke tsinka zuciya yake dubawa ba. Abin da yake tambaya shi ne: me waɗannan mutane suka tono da hannunsu, wanda da ba a sani ba?

Shi ya sa kashi na biyu na fodkas ɗin In the Dark, wanda Madeleine Baran ta jagoranta a 2018, ya sha yabo. Sau shida aka gurfanar da Curtis Flowers, wani baƙar fata a jihar Mississippi ta Amurka, kan zargi ɗaya na kisan mutum huɗu. 'Yan jaridar suka tare a yankin, suka yi ta bin takardun kotuna, har suka nuna yadda ofishin mai gabatar da ƙara ke cire baƙaƙen fata daga cikin masu taya alƙali yanke hukunci. Wani babban shaida ma ya janye maganarsa a gabansu. Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin kisan da aka yanke wa Flowers a 2019, aka janye ƙarar a 2020. Wannan aiki ne, kuma a ganina shi ne ma'auni.

Serial kuwa, wanda Sarah Koenig ta fara a 2014 kan kisan Hae Min Lee a Baltimore da ɗaurin Adnan Syed, shi ya buɗe wa wannan fanni kasuwa, har ya samu lambar yabo ta Peabody. Amma dangin marigayiyar sun koka cewa an mai da mutuwar 'yarsu abin hira. An soke hukuncin Syed a 2022, sai wata kotu ta maido da shi a 2023 saboda ba a ba ɗan'uwan marigayiyar isasshen lokacin halartar zaman ba. Wannan suka tana da nauyi a wurina. Mu da muke zaman makoki a zango mun san yadda uwa ke ji idan an ambaci sunan ɗanta a bainar jama'a.

Mafi muni shi ne Caliphate na jaridar New York Times. An gina shi kan wani saurayi ɗan Kanada da ya ce ya yi kisa a ƙungiyar ISIS. A Disamban 2020 jaridar ta amsa cewa ba ta iya tabbatar da labarinsa ba, ta mayar da lambar yabon da aka ba ta.

Muhawarar ba baƙuwa ba ce a Gana. Binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas kan alƙalai a 2015 da ƙwallon ƙafa a 2018 da kyamarar ɓoye aka yi shi, amma gardamar ɗaya ce: wasu na cewa tonon asiri ne, wasu na cewa ɗana tarko ne. Kuma ba mu manta da Ahmed Hussein-Suale ba, abokin aikinsa da aka harbe a Madina ta Akra a Janairun 2019.

Don haka idan kuna sauraro, ku lura ko an ba wanda ake zargi damar magana, ko an tuntuɓi dangin mamaci, ko akwai takarda ko shaida na biyu bayan kowane zargi. Kuma kafin ki tura wa wani a WhatsApp, ki sani an soke dokar da ke ɗaure mutum kan ɓata suna a Gana tun 2001, amma har yau wanda aka ɓata wa suna na iya kai ƙara ya nemi diyya.