Amsa ga ƙanenmu mai injin niƙa: abin da ya sa waldar ba ta riƙe ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, ina bakin aiki ne, yara na yankan ƙarfe a bayana.

Na saurari saƙon ƙanenmu da ya ce jikin injin niƙansa ya tsage, ya kai an yi masa walda har sau biyu, kuma kowane karo ko sati ba a yi yake sake buɗewa. Ya ce ba kan waldar ke tsagewa ba, gefenta ne. Yana tambaya ko mai waldar ne bai iya ba.

To ƙanena, wannan "gefenta" da ka faɗa ita ta nuna min inda matsalar take. Jikin injin nan kas ne, wato ƙarfen zubi, narka shi aka yi aka zuba a mazubi. Ba irin ƙarfen da muke ƙofa da taga da shi ba ne. A cikin kas akwai kabon, sinadarin gawayi ke nan, kashi 2 zuwa 4 cikin 100. Ƙarfen ƙofa kuwa nasa bai wuce 0.3 ba. Shi ya sa ƙarfen ƙofa in ka buga shi zai lanƙwashe, kas kuwa fashewa yake kamar tukunyar ƙasa.

Ina kyautata zaton sandar walda mai lamba 6013 aka sa maka, wadda kowa ke aikin ƙofa da ita. In ta narke a jikin kas sai ta kwashi kabon ɗin, in wurin ya huce da sauri sai ya yi tauri kamar gilashi. Sannan walda in tana hucewa tsukewa take, tana jan ƙarfen da ke gefenta. Ƙarfen ƙofa zai bi ta ya ɗan miƙe. Kas ba ya miƙewa, sai ya tsage. Wani lokaci tun kana tsaye a wurin za ka ji ya yi ƙas. In kuma aka watsa masa ruwa don ka samu ka ɗauka da wuri, to an gama da shi tun a nan.

In kana son ka tabbatar, a sa masa giranda a wani lungu. Tartsatsin kas gajere ne, ja, ba haske sosai. Na ƙarfen ƙofa dogo ne, ruwan ɗorawa. Ko a huda shi kaɗan, za ka ga gari ne ke fita mai baƙanta hannu kamar bakin fensir.

Yanzu ga abin da za ka tsaya a kai a yi maka, kuma don Allah ka tsaya, kada ka ajiye ka tafi. A cire tsohuwar waldar duka da giranda, kada a bar ko kaɗan, domin duk abin da aka ɗora a kanta shi ma tashi zai yi. A shafa kananzir, a goge, a goga alli. Kananzirin da ya shige tsagar zai fito ya ja layi a kan allin, a nan za ka ga ta fi yadda ido ke gani tsawo. A huda ƙaramin rami a ƙarshenta ta kowane ɓangare, shi ke hana ta ci gaba. Sai a buɗe bakinta ta yi kwari.

Daga nan sai ɗumi. Mu gawayi muke hurawa mu ɗora ƙarfen gaba ɗayansa, ya ɗau zafi ko'ina daidai, kamar digiri 300 zuwa sama. Zafin nan kuma yana ƙone man da ƙarfen ya sha shekara da shekaru, wanda in an bar shi waldar ke yin ramuka. Sanda kuwa ta nikel za a saya. Tana da tsada, na sani, amma ka lissafa kuɗin walda biyu da kwanakin da injin ya yi a kwance mata na kai niƙansu wani wuri. Nikel ba ya yin wannan taurin, yana bin ƙarfen. A rage wuta, a yi kamar inci ɗaya a tsaya, a ɗan bubbuga da guduma mai zagayen kai tun da zafinsa, a koma wani gefen. Aikin ba ya son gaggawa ko kaɗan.

In an gama, a binne shi cikin busasshen yashi ko toka ya kwana. Musamman lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa, minti kaɗan a fili ya isa ya ɓata aikin yini guda.

Akwai hanya ta biyu, kuma ni ita na fi so a irin wannan wurin da ba ya yin zafi sosai in injin na aiki: like da tagulla, da wutar kabaid da oksijin. Tagulla tana narkewa a wajen digiri 900, kas kuwa sai wajen 1,200, ka ga kas ɗin ba ya narkewa, tagullar ce ke kama jikinsa. Launi ne kawai zai bambanta. Masu gyaran jikin mota da yawa sun iya.

Abu ɗaya nake roƙonka. In tsagar a jikin abin da ke juyawa take, kamar fuli ko babbar tayar ƙarfen nan ta injin, kada a yi walda ko da wace irin sanda. In ya balle yana gudu, ga yara da mata tsaye a layi, Allah ya kiyaye. Ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka nemi wani ka canja shi, in kana Kaduna ka leƙa kasuwar Panteka.

Ka ɗauko min hoton wurin da rana, ta ciki da ta waje, ka aza ashana a gefe don in ga kaurin ƙarfen. In na gani zan gaya maka nikel ko tagulla. Sai na ji ka.