Na tura murya a WhatsApp, an ce za a kai ni kotu

Tambaya: Malam lauya, ni matashi ne a Birni, nan Damagaram. Wani ya aiko murya yana kiran wani ɗan kasuwar Dole ɓarawo, har da sunansa, ni kuma na tura ta gurup ɗin fadarmu ta samari, inda muke zaman hira. Yanzu mutumin ya ce zai kai ƙarata. Ba ni na faɗa ba. Ina 'yancin faɗin albarkacin baki?

Amsa: Ƙanena, 'yancin yana nan, amma bai kai inda kake zato ba. Idan ka ce hanyar unguwarku ta lalace ko kaya sun yi tsada, ra'ayi ne. Idan ka kama sunan mutum ka jingina masa sata ba hujja, ɓata suna ne. “Ba ni na faɗa ba” kuwa ba ta fid da kai, domin turawa yaɗawa ce. Kafin ka danna, 'yan fadarku ba su ji ba.

Dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019 ce. A 2022 aka cire ɗauri kan zagi da ɓata suna, sai tara. A watan Yuni na 2024 shugaban mulkin soja, Janar Tiani, ya sa hannu aka maido ɗaurin: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a ya fi nauyi, shekara 2 zuwa 5. Wannan sashen ni kaina yana damuna, don faɗinsa ya yi yawa, kuma ƙungiyoyin kare 'yan jarida sun koka da shi. Sai dai taka maganar ba ta siyasa ba ce, mutuncin magidanci ne.

Mu da muka tashi cikin wasan taubasantaka mun san Babarbare zai ce wa Bafulatani bawansa a yi dariya, saboda ana ganin fuska, an san tsakani. Murya idan ta bar wayarka ba ta tafiya da fuskarka. Surukinsa zai ji, mai ba shi kaya bashi ma zai ji.

Goge saƙon ba zai wadatar ba, an riga an adana. Ka ɗauki mahaifinka ko limamin unguwa ku same shi, ka ba shi haƙuri, sannan ka janye maganar a gurup ɗin da ka tura ta, da muryarka. Idan sammaci ya riga ya iso, kada ka ƙi zuwa, kuma ka ga lauya kafin ranar.