Amsa kan tambayar ayu da bado

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Malama, na saurari saƙonki inda kika ce ɗalibanki sun nemi a kwatanta musu ayu da bado, tunda dukansu a ruwa suke rayuwa.

Abin da ya haɗa su shi ne, duk zamansu cikin ruwa, babu wanda ya wadatu ga barin iskar sarari. Ayu ba kifi ba ne, domin huhu gare shi, yana haihuwa yana shayarwa, kuma tilas bayan 'yan mintoci ya leƙo da hancinsa sama ya shaƙi numfashi, shi ya sa idan ya sarƙe cikin komar masunta yakan shaƙe ya mutu. Shi kuwa bado, ƙofofin numfashinsa suna saman ganyen da ke shimfiɗe bisa ruwa, sannan akwai ƙananan hanyoyi cikin karansa da ke kai iska har saiwar da ke binne a taɓo.

Amma a ganina inda ya kamata ki tsaya da yaran shi ne wajen yaɗuwa. Farin furen bado yana buɗewa da dare ya rufe da hantsi, ƙwari su yi masa barbara, ɗan kuma ya nuna a ƙarƙashin ruwa cike da ƙwayoyi masu ɗimbin yawa, waɗanda mutanen fadama kan ci, musamman a shekarar yunwa. Ko tafki ya ƙafe da rani, saiwar tana nan kwance har damina ta dawo. Ayu ba shi da wannan gata. Macen tana ɗaukar ciki kimanin shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya tak, ta daɗe tana rainonsa kafin ta sake wani cikin. Saboda haka kowane ayu da aka kashe don namansa ko don man nan da ake tallarsa a kasuwanni, giɓi ne da ake shekaru ba a cike ba, kuma madatsun ruwa irin na Kainji sun ƙara raba garkensa.

Ana samunsa daga gaɓar tekun Sanagal har Angola, yana kuma shigowa kogin Neja da Binuwai, har tafkin Pandam na Jihar Filato da tafkin Lere na Chadi. Tun 2013 yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Allah ya taimaka, Malama, a gaida ɗalibai.